Yadda Baffa Ya Tuba Daga Laifin Dillali

Baffana, ƙanin mahaifina, ɗan wasan kwaikwayo ne. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, domin a Maiduguri in ka ɓoye irin wannan magana, mai shayin bakin layi zai faɗa a madadinka, kuma sai ya ƙara mata madara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a gidansa da ke Mairi, nan kusa da jami'a. Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa, wadda nake kira Inna, don haka ni kaɗai suka raina. Asalinmu Kanawa ne. Kakanmu ne ya zo da keken ɗinkinsa ya zauna, har muka zama 'yan gari, irin waɗanda ke jin Kanuri sarai amma in sun buɗe baki za su yi sai yara su kwashe da dariya. Baffa ya gaji keken ɗinkin, sai dai zuciyarsa ba ta taɓa zama a kan zare ba.

A kan dandamali ya fara, a ɗakunan taro na makarantu, zamanin da ake haɗa teburan aji a shimfiɗa musu tabarma a ce ga fage. Fitowarsa ta farko a gawa ya fito. Har ya tsufa yana alfahari da ita, wai ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya yi yawo ya gaji bai motsa ba, har wata mata a sahun gaba ta fara salati. Daga nan aka kira su gidan talabijin. Kyamara ɗaya ce, fanka ba ta aiki, gemun tsufa kuwa auduga ce ake manna masa da ƙaro. Zafin garinmu ba ya jin kunyar kowa, kafin a gama ɗauka rabin gemun ya zazzago ya koma wuya. A talabijin ɗin nan ya yi mai gadi, ya yi boka, ya yi mai unguwa, ya kuma karɓi aure a madadin 'ya'yan ƙarya ba adadi. Kowane aure kuwa sai ya lalace, don in bai lalace ba babu abin da za a nuna mako mai zuwa.

Da shekarun tashin hankali suka zo, taro ya zama abin tsoro, dandamali ya mutu. Wutar lantarki ita ma ta yi ƙaura, akwatin talabijin ya koma wurin ɗora farantin goro. Abin da ya rage sai rediyo, sai kuma ƙungiyoyin agaji da suka cika gari da fararen motoci, kowace da saƙon da take so a cusa mana a kunne. Nan muryar Baffa ta samu kasuwa. Shi ne sauro a tallan gidan sauro. Shi ne ƙuda a tallan wanke hannu. Ya taɓa zama cutar amai da gudawa ita kanta, tana yi wa wanda bai tafasa ruwa ba barazana. Inna takan ce ita dai tela ta aura, ta wayi gari da ƙwaro.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta kawo wani dattijon Bature don ya koya wa 'yan wasan rediyo aiki. Ɗan ƙasar Ailan ne, kuma in kana son ganin fuskarsa ta ƙara ja a kan jan da rana ta yi mata, to ka kira shi Baturen Ingila. Shi ma ɗan wasa ne a ƙasarsu. Baffa ya gayyato shi gida cin burabusko, ni na yi musu tafinta, don lokacin na riga na zama malamin makaranta. Baturen ya ba mu labarinsa yana sharce gumi. Yana saurayi a kan dandamali yake, suna yawo gari-gari a tsohuwar mota da kayan wasa. Da ya yi teɓa aka ɗauke shi a talabijin, kullum ɗan sanda ko limamin coci. Da gashin kansa ya zube sai aka daina nuna fuskarsa, ya koma tallan man shanu da yin muryar wani kare a fim ɗin yara. Baffa ya ce in gaya masa ashe hanyar ɗaya ce ko'ina: da fari jikinka duka ake so, sai a ce fuska ta isa, daga ƙarshe a ce ka bar mana muryar ka tafi da sauran. Baturen ya yi dariya har ya ƙware da yaji. Daga ranar suka zama aminai, ba tare da ɗaya yana jin abin da ɗaya ke faɗa ba.

Shirin rediyon da ake haɗawa a lokacin a kan masu damfarar filaye ne. Gari ya cika da mutanen da suka baro ƙauyukansu, kowa na neman inda zai kafa ɗaki, 'yan damfara kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Aka ba Baffa fitowar mugun, wani dillalin filaye da marubucin bai ma wahalar da kansa ya raɗa masa suna ba, Dillali kawai. Baffa ya tsaya gaban makirfo ya yi yadda ya saba yin mugu. Ya kumbura murya, ya yi ƙaraji, ya rufe da dariyar nan ta mugunta mai hawa-hawa. Baturen ya cire abin sauraro daga kunne ya tambaye shi ko shi zai miƙa wa mai irin wannan dariyar takardar gidansa. Ya ce macuci na gaske ba ya ihu. Ya ce Baffa ya ajiye duk muryoyin nan na aro ya yi magana da tasa, yadda yake gaida surukarsa.

Wannan shawara ita ta cuce mu. Muryar Baffa ta gida murya ce mai sanyi, ƙasa-ƙasa. Da ita yake lallashin Inna, da ita ya yi min nasiha duk ƙuruciyata, da ita yake ba masu kawo ɗinki haƙuri ranar jajiberin salla. Ita ya ɗauka ɗungurungum ya ba Dillali. Da ita Dillali ya sayar wa mutane da dama fili ɗaya, da ita ya zauna gaban wata mata mai takaba ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ai marigayi ɗan'uwana ne,” ya raba ta da gidan marayunta. Ni kaina da na ji shi a rediyo sai da tsigar jikina ta tashi, don da irin wannan lafazin yake ce min in ƙara tuwo.

Baturen ya koma ƙasarsu da hular zanna da kwalbar turaren wuta, ya bar mu da abin da ya shuka. Shiri ya karɓu fiye da yadda masu shi suka zata. Lokacinsa in ya yi, masu keke sukan tsaya a inuwar dalbejiya su ƙure muryar rediyo, fasinja ya jira ko ya sauka. Baffa kuwa ya shiga uku. In ya yi sallama a cikin keke, mata su janye jaka su rungume. A kasuwa ya tambayi kuɗin albasa, mai albasa ya ɗago kai a firgice. Wani mutum ya taɓa bin sa har ƙofar gida, ba don ya zage shi ba, wai yana da wani fili mai rigima ko za su haɗa kai. Masu buga waya gidan rediyo kuwa Allah ya isa suke ja masa da sunan Dillali, shi kuma yana zaune a tsakar gida baki har kunne, yana cewa Inna ta saurara ta ji yadda ake yaba aiki.

A wannan tsakanin ne na ga wadda nake so. Nas ce a wani ƙaramin asibiti inda nake kai Inna awon jini, 'yar Kanuri ce daga Mafoni, ba ta da tsoro, bakinta kuma ba ya barin magana ta kwana. Muka daidaita. To al'adarmu da tasu sun haɗu a wuri ɗaya: saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Manya ake turawa, ranar ɗaurin aure kuma wakilin ango ne zai nema, shi zai karɓa, shi zai ɗauki alkawarin ci da sha da sutura a gaban shaidu. Duk nauyin abin a bakin mutum ɗaya yake rataye, ni kuwa mutum ɗaya gare ni a duniya. Baffa ya daɗe yana jiran wannan rana. Da kansa ya ɗinka babbar rigar da zai sa, abin da bai taɓa yi wa kansa ba duk shekarun da ya yi yana ɗinka wa mutane.

Ba na wurin ranar da suka je gaisuwar farko, don ango ba ya zuwa. Amma na ji labarin daga maƙwabcinmu mai sayar da katako, wanda ya raka shi, na kuma ji daga ita yarinyar da ke cikin gida, bakinsu ya zo ɗaya. An karɓe su da lale, aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi, turaren wuta na tashi. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, ya zauna da ƙannensa. Baffa ya gyara zama, ya sassauta murya saboda girmamawa, ya fara gaisuwa. Bai kai ga faɗin abin da ya kawo su ba sai aka ji an buga kwano a cikin gida. Kakar yarinyar ce, mahaifiyar maigidan, tsohuwar da idonta ya yi rauni amma kunnenta yana jin tafiyar kiyashi, kuma rediyo ba ya barin gefen tabarmarta. Ta fara da Kanuri, ta ƙare da Hausa don kada baƙi su ce ba su ji ba.

“Wa ya shigo min da Dillali gida? Ku kwashe takardun gidan nan ku kawo min nan! Kai ɗana, kar ka sa hannu a komai!”

Mai katako ya ce shi dai ƙasa ya so ta tsage ya shige. Maigidan ya tashi ya shiga ciki, aka daɗe ana jin muryoyi, ya dawo yana gyara hula. Ya ba da haƙuri, sannan ya faɗi tasa, wadda ta fi ta tsohuwar ciwo.

“Malam, ni na yi boko, na san wasa ne. Ba ni cewa ka ci gidan kowa. Amma ka duba min. Na sha ganinka a talabijin kana karɓar aure, kana ɗaukar alkawari, fuskarka kamar ta waliyyi, kuma ban ga wanda ya yi ƙarko ba. Yanzu ka gaishe ni, wallahi da muryar da ka cuci matar nan ka gaishe ni. To ranar da za ka ce ka karɓi 'yata, ta yaya zan gane wannan karon da gaske kake?”

Baffa ya ajiye kofin shayinsa. Suka taso ba a tsayar da magana ba.

Da ya dawo sai ya nuna abin dariya ne. Ya ce wannan ai lambar yabo ce, a duk garin nan wa aka taɓa kora daga neman aure saboda iya aiki? Amma ya cire babbar rigar ya ninke, bai ci abincin rana ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da bai taɓa riƙe ƙyallen wani ya ce ya ɓata ba, shi ake ɓoye wa takardun gida.

Yarinyar ta ce in bar mata, ita ta san kakarta. Dabararta ita ce ta nemo matar da ke fitowa a mai takabar, wata 'yar wasa mai jiki da fara'a wadda mijinta na nan da ransa yana sayar da taya, ta kai ta har gaban Kaka. Matar ta yi bayani dalla-dalla: ba ta da marayu, ba a ƙwace mata gida ba, takarda ake ba su su karanta. Kaka ta gane muryar nan take. Ta jawo ta jikinta, ta shafa kanta, ta ce, “Allah sarki, har tsoratar da ke ya yi ki zo ki wanke shi.” Ta sa aka ɗauko mata lafaya sabuwa da mudun gero, ta ce ta kai wa marayu. Matar ta karɓa, don a cewarta gardama da tsohuwa rashin tarbiyya ne.

Maigidan ya kawo tasa mafitar, wai a canza wakili, a samo wani dattijo ko na aro ne. Na ƙi, don ban ga yadda za a ɗaura min aure Baffa na tsaye a bayan taro kamar ɗan kallo ba. Ashe ma da na yarda ba ta ɓulle ba. Kaka ta aiko cewa ko limamin gari aka kawo, jikarta ba za ta shiga gidan da ake cin haƙƙin marayu ba, kuma ɗanta bai isa ya ɗaura auren da ba ta sa wa albarka ba. Amma ita ba ta rufe ƙofar da Allah bai rufe ba. In mutumin ya zo gabanta ya tuba, ya mayar wa matar nan gidanta, ya kuma yi alkawarin barin wannan hali har abada, to ta yarda.

Na ce wa Baffa a fasa auren. Ba har zuciyata na faɗa ba, shi ma ya sani. Na ce ba zai durƙusa ya nemi gafarar laifin da wani yaro mai biro ya ƙirƙira ba. Ya dube ni ya ce, “Kai, rufa min baki. Ina son ganin jikana kafin in mutu, kai kana min maganar durƙuso. Na durƙusa wa sarkin ƙarya mai rawanin labule, sai tsohuwa ta gaske ce zan kasa?”

Kaka ta ce a zo da ni, don haka wannan da idona na gani. Bayan la'asar ne, a tsakar gidansu, ƙarƙashin dalbejiya. Tana zaune a kan tabarma da carbi, rediyon na gefenta, maigidan da ƙannensa na tsaye, mata sun cika ƙofofin ɗakuna suna leƙe. Baffa ya cire takalmi ya durƙusa. Ta fara lissafo masa laifuffukansa, ba ta manta ko ɗaya ba: filin da ya sayar a cikin kwari ruwa ya cinye, makahon da ya sa ya dangwala yatsa, gidan marayu. Ta fi marubucin shirin riƙe labarin. Sau ɗaya Baffa ya buɗe baki ya ce, “Kaka, ai shi wannan aiki namu...” Ta ɗaga hannu ta ce da wannan daɗin bakin ya gama da mutane, ita ba za a yi da ita ba. Sai ya sunkuyar da kai.

“Ka yi ko ba ka yi ba?”

“Na yi, Kaka.”

“Ba ka ji tausayin yaran nan ba?”

“Son zuciya ne, Kaka. Na tuba. A yafe min.”

Ɗaya daga cikin ƙannen maigidan ya juya baya kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Ni ban ga abin dariya ba, idona ne ya cika da ƙwalla. Kaka ta yi masa wa'azi mai tsawo a kan kabari da hisabi, sannan ta ce gidan fa? Ya ce za a mayar. Ta ce sai ta ji da kunnenta a rediyo. Daga nan ta zo kan alkawari, a nan ne maigidan ya matso, don ya ga inda buƙatarsa ta haɗu da ta uwarsa. Ya ce in Malam zai bar wannan sana'a baki ɗaya, ya zama bakinsa magana ɗaya yake fitarwa, to shi ma ya gamsu ya karɓi alkawarin aure daga gare shi.

Na zaci Baffa zai nemi a ba shi lokaci. Bai nema ba. Ya ɗago kai ya dubi maigidan, ba tsohuwar ba, ya ce daga ranar da aka mayar da gidan nan ba zai ƙara tsayawa gaban makirfo ko kyamara ba, ba zai ƙara ɗaukar muryar kowa ba, mutum ko ƙwaro. Kaka ta sa masa albarka, ta sa aka kawo masa ruwan tsamiya mai sanyi.

A gidan rediyo sai da aka kai ruwa rana. Masu ba da kuɗin shirin sun riga sun tsara cewa kotu ce za ta kama Dillali, don jama'a su koyi kai ƙara. Tuba ba ya cikin abin da suka yi alkawarin koya mana a wannan zangon. Aka yi taro a ɗaki mai sanyi, aka sha lemo, aka tura tambaya can inda manyansu suke. Baffa ya ce ko a rubuta masa tuba ko Dillali ya wayi gari bebe. Aka rubuta. Ranar da aka sa shirin, Dillali ya kai wa mai takaba makullin gidanta yana kuka, an ce a Mafoni har guɗa aka yi.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan su amarya da hantsi. Layin ya cika maƙil, rabin jama'ar ba su san ni ba, ba su san amarya ba, Dillali suka zo gani. Liman ya nemi wakilin ango. Baffa ya matso cikin babbar rigarsa. Kalmomin nan ya faɗe su a talabijin har ba ya iya tuna adadi, ko cikin barci aka tashe shi zai zuba su ba gargada. Amma da aka zo wurin karɓa sai murya ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ya fara, ta karye a tsakiya, ya haɗiye rabin kalma, sai da liman ya ce ya maimaita don shaidu na baya ba su ji ba. A duk rayuwarsa bai taɓa faɗin magana da muni haka ba. Daga baya surukina ya gaya min cewa a lokacin ne hankalinsa ya kwanta.

Labarin tuban ya zaga gari. Mutane suka riƙa tare shi a hanya suna masa barka, wasu na tambayar ko zai mayar da sauran filayen. Wata Juma'a wani mai wa'azi a unguwarmu ya kawo shi misali, wai ga wani shahararren macuci a garin nan da Allah ya shirya ta hannun wata tsohuwa, saboda haka kada kowa ya yanke ƙauna. Baffa na zaune a sahu na biyu yana gyaɗa kai tare da kowa. Gidan rediyo suka yi ta aike, da sabon shiri, da tallan allurar rigakafi, har da wani fim da za a ɗauka a Kano. Duk ya ce a gaishe su. Idonsa kuma ya riga ya gaza da zaren allura, sai ya karɓi aron wata gona a ƙauyen Dusuman ya koma noman wake da gyaɗa, yana tafiya da safe ya dawo da yamma. Ya rame, ya yi baƙi, ya rage magana. Na taɓa kawo masa zancen kaffara, na ce malamai sun san yadda ake warware irin wannan. Ya ce shi ba rantsuwa ya yi ba, alkawari ya yi. In ya koma, za a ce tuban wasa ne, in tuban wasa ne to karɓar auren ma wasa ce.

Bayan matata ta haihu muka kai wa Kaka jaririn. Ta karɓe shi ta yi masa addu'a, ta tsokane ni yadda kakanni ke yi, wai ta ga mijin da ya fi ni. Na lura rediyon ba ya gefenta, na tambaya ko ya lalace ne in kai gyara. Ta taɓe baki.

“Lafiyarsa ƙalau. Me zan ji a ciki? Sun kawo wani sabon mugu, sai ihu kamar an taka wutsiyar akuya. Wa zai ba wannan gidansa? Tun da baffanka ya shiryu, rediyon nan ba daɗi. Shi kam in ya yi magana, har ni sai in ji kamar in ba shi nawa.”

Matata ta dube ni, na dube ta. Ban san ko dariya zan yi ko ihu ba.

Washegari na hau keke na bi Baffa gona. Na same shi a gindin wata bishiya yana ɓare gyaɗa, ƙafafunsa duk ƙasa. Na gaya masa abin da Kaka ta ce, ina jiran ya yi tsaki. Sai ya ajiye gyaɗar, fuskarsa ta washe yadda rabona da ganinta tun kafin aurena.

“Ita ta faɗi haka? Da bakinta? Sake faɗa min. A'a, yadda ta faɗa.”

Na gwada kwaikwayonta, na lanƙwasa murya iya yina. Ya girgiza kai da takaici, ya ce malamin makaranta guda ko tsohuwa bai iya ba, ai ba daga hanci take magana ba, daga nan ne, ya dafa maƙogwaro. Ya rage tsawon wuyansa, ya karkatar da kai, ya ɗan rufe ido ɗaya, sai ga Kaka zaune a gindin bishiya a Dusuman, da taɓe bakinta da Hausarta mai ƙamshin Kanuri. “Tun da baffanka ya shiryu, rediyon nan ba...”

Ya tsaya cak. Ya waiga hagu da dama, babu kowa a gonar sai ni da shi. Ya miƙe wuyansa, ya share bakinsa da bayan hannu, ya yi istigfari a hankali. Sannan ya jawo kwandon gyaɗar gabansa, ya tambaye ni da muryarsa ta gida ko yaron yana samun nono sosai.